Rufin Ɗakin Inna

Da sanyi aka yi wa ɗakin Inna, mahaifiyarmu, sabon rufi. Soronta na ƙasa ne da azara, ya girme ni, kuma a daminar da ta gabata ya yi yoyo har sai da muka jera robobi a kan gadonta. Yayana da ke aiki a Abuja ya ce shi fa ya gaji da yaɓe duk shekara. Sai ya aiko da irin rufin da ke kan gidansa, falle-falle baƙaƙe, kamar kwalin da aka jiƙa da kwalta aka barbaɗa masa yashi. Motar ma ba ta iya shiga lungunmu ba, a ka aka yi ta jidarsu daga bakin titin Ƙofar Kibo.

Muka mayar da Inna ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, muka ce mata na 'yan kwanaki ne. Ta dafa ƙyauren ɗakinta ta ce, "Nan aka kawo ni ina amarya, nan na haife ku. Kada ku bar ni a waje." Na ce to.

Aka sauke soro, aka ɗora katako, aka buga. Da aka gama na fito tsakar gida na ɗaga kai. Kowane falle ya ɗaga baki, kamar tabarmar da ta daɗe a naɗe. Iska na kaɗawa, suna amsawa.

Kafintan da ya yi aikin ya ce, "Malam, ba laifin aiki ba ne. Akwai danƙo a ƙarƙashinsu, sai rana ta gasa shi yake kamawa. Ka bari zafi ya shigo, da kansu za su kwanta."

Na kira Yaya. Ya ce, "Kada ka kuskura ka sa Inna ƙarƙashin abin da bai zauna ba. In wani abu ya same ta, me za mu ce wa mutane?" Wanda ke nesa, umarni ba ya masa wuya.

Na so a sake hawa a danne su. To amma a cikin birni ba a hawa rufi haka siddan. Katanga ce kawai tsakaninmu da maƙwabta, wanda ya hau sama tsakar gidajen mutane yake kallo. Dole a aika gida-gida a ce za a hau, mata su bar daka da wanki su shige ɗaka har a sauko. Na aika, aka hau aka ƙara ƙusa. Na sake aikawa, aka hau aka jera bulo. Ko gezau. Da na so maimaitawa, dattijon da ke bayan gidanmu ya tare ni a ƙofar masallaci.

Ya ce, "Ɗana, iyalina sun yini a ɗaka jiya, ko tukunya ba a ɗora da wuri ba. Aikin rana ne, ka bar wa rana."

Gaskiyarsa. Na bari.

A ɗan ɗakin nan Inna ta fara sauyawa. Da farko kullum sai ta tambaya ko an gama. Daga baya ta riƙa kirana da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Can kuma ta daina tambayar ɗungum, sai ta zauna da carbi a hannu ba ta ja. Ni kuwa in na dawo daga makarantar da nake koyarwa, rufin nake fara dubawa kafin in gaishe ta. Ban ji tsoro ba, ban ji tausayi ba, ban ma ji haushin Yaya ba. Zuciyata ta yi irin ta ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina cin tuwona, ina zuwa aiki.

Da bazara ta kama, sai fallayen suka kwanta lif, kamar yadda kafintan ya faɗa. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya, ya rubuto alhamdu lillahi. Matata ta share ɗakin, ta sa turaren wuta, ta mayar da gado da jeren kwanuka kowanne a mazauninsa na da.

Bayan la'asar na kamo hannun Inna. A bakin ƙofa ta tsaya ta cire takalmi, ta yi sallama, ta jira a amsa. Matata ta amsa. Ta shiga ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon farin silin inda azara take a da. Sannan ta ɗosana a gefen gado, mayafinta na jikinta.

Matata ta kawo mata ruwa. Ta kurɓa kaɗan ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ɗaki ya yi kyau, Allah ya sa alheri."

Can ta jawo hannun rigata, ta rage murya don kada matata ta ji.

"Kai, tashi mu koma. Ba a daɗewa a ɗakin mutane."

Na sunkuya na juya mata takalmanta.