Ranar da Na Sa Rigar Baba a Gaban Jama'a

Abubuwa da yawa na ƙuruciya sun ɓace mini, amma ranar da na kwaikwayi mahaifina a lekol, wato makaranta, ba za ta taɓa barin raina ba.

Baba direban babbar mota ne, yana jigilar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Parakou zuwa Djougou. Mutum ne da ba ya zama. A tsaye yake shan koko, waya a kunne, makullai na kaɗawa a hannu. In ka fara masa magana, kafin ka kai tsakiya ya kai ƙofa.

Ina kolej, madam, malamarmu ta Faransanci, ta ce mu shirya wasan kwaikwayo na ƙarshen shekara. "Kada ku ƙirƙiro komai," ta ce. "Ku je ku kalli mutanen gidanku." Na yi ta kallon Baba har na iya tafiyarsa da gyaran muryarsa, na ɗauko tsohuwar rigarsa. Ƙawata ta fito a 'yar da ke bin ubanta tana son gaya masa wani abu, ni kuwa a matsayin uban ina ta zagayawa da waya, ban juyo ba.

Ban gayyaci Baba ba, Inna ce ta faɗa masa. Ina tsakiyar wasa, mutane na ta dariya, na hango shi tsaye a bayan kujeru, fuskarsa ba walwala. Kafin a tafa ya fice.

Na koma gida a tsorace. Dama ya taɓa cewa in ya ga ana ɓata lokaci a lekol, zai mayar da ni rumfar gwaggo a kasuwar Arzèkè. Na kasa ci, na kasa zama. Na shiga ɗaki, na fito, na sake share tsakar gidan da na riga na share.

Da aka yi hutu ya ce in shirya, zai kai ni wurin kakata a Djougou. Muka yi ta tafiya, ina murza bakin mayafina. Dab da gari ya gangara gefen hanya, ya kashe mota.

"Haka nake?" ya ce.

"Baba, wasa ne kawai."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na sunkuyar da kai. "Haka kake."

Ya kalli titi. "Yarinyar da ke bin ki, me take son faɗa?"

Ba mu rubuta mata komai ba, amma sai na ji bakina na cewa, "Tsoron hanyar nan take yi. Hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji ƙarar motarka a ƙofar gida."

Ya shafa fuska da hannu biyu. "Ni ma haka na bi kakanki yana fataucin goro. Har ya rasu bai juyo ba."

Ba zan ce ya sauya gaba ɗaya ba, hanya ta riga ta shiga jikinsa. Amma bai cire ni daga lekol ba, kuma daga baya in na kira sunansa yakan dakata.

Da na girma na gane abin da madam ta yi mana. Lissafi da karatu sun ba ni abin yi, amma wasan nan ne ya koya mini kallon mutum da kyau, ya kuma ba 'ya hanyar gaya wa ubanta abin da kunya ba za ta bari ta faɗa masa ido da ido ba.