Wanda Ya Harbi Dabo

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1372, Allah ya karɓi ran Dabo maharbi a gidansa da ke Ruwan Bago, bayan jinyar kwana shida. Labarin bai iso mini Yammedi ba sai da aka riga aka kai shi makwancinsa. Ni Isyaku, wanda ake kira Sarkin Baka, na rubuta wannan da hannuna, na roƙi liman ya karanta wa jama'a ranar sadakar bakwai, domin akwai maganar da bakina ya kasa faɗa shekara goma sha tara.

Yaya Dabo, kai ka koya mini daji. Kai ka nuna mini bambancin sawun kanki da na gwanki, da yadda ake watsa toka a ga inda iska ta nufa kafin a ɗaga ƙafa. Ba ka taɓa shiga gida da nama ba sai ka yanke wa tsofaffin unguwa nasu, har matarka Turai takan ce ita dai mai kawo ƙashi ta aura. A sa kan burtu kuwa ba ka da na biyu a ƙasar Karaye. Ka ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, ka lulluɓa da baƙin zane, ka yi ta rarrafe kana caccakar ƙasa har ka shiga tsakiyar garke, dabba ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Abu na farko da ka gaya mini shi ne burtu na gaske ba ya kiwo shi kaɗai. In aka ga guda ɗaya a cikin namun daji, to mutum ne, a sauke bindiga.

Wata rana da hantsi, shekara goma sha tara ke nan, a fadamar da ke yamma da Rogo, na hango gwanki huɗu, da burtu ɗaya tal a gefensu. Na gan shi sarai, ba zan ce rana ce ta kashe mini ido ba. Wata biyu ke nan ban kashe ko gada ba, mahauta suna yi mini shaƙiyanci a kasuwa, sai na ce wa kaina ai ɗan'uwansa yana bayan ciyawa. Na ja kunamar bindiga. Gwanki suka watse, burtu ya faɗi yana salati.

Ni na goyo ka zuwa gari. Ka san bindigata ba ta da lasin, ka san in magana ta fito kurkukun Kano za a kai ni, ga 'ya'yana ƙanana. Da aka kai ka gaban hakimi, kana kwance a tabarma jini yana bin ta, sai ka ce, "Ranka ya daɗe, tawa ce ta tashi ina cikin rarrafe. Sakacina ne." Ina tsaye a bayan dogari, na bar maganar ta zauna a haka.

Wanzami ya ciro gutsuren ƙarfe bakwai daga ƙugunka, ya ce akwai sauran biyu da ba za su fito ba. Daga nan rarrafe ya ƙare maka. Mutane suka laƙaba maka Dabo mai harbin kansa, ɗanka Lukumanu ya girma yana dambe da sa'o'insa a kan sunan nan. Da tsohon Sarkin Baka ya rasu, dattawa suka ce ba za a ba wanda ya kasa riƙe bindigarsa sarautar ba, aka ba ni. Ka hawo jaki tun daga Ruwan Bago ka zo yi mini murna, na karɓi gaisuwarka a gaban mutane kamar mutumin kirki.

Ka koma ɗana wa zabin daji da fakara tarko a bakin gonakin gyaɗa, kana jan ƙafa da sanda. Duk kaka sai ka aiko wa gidana zabi biyu, yara su ci, ni in ce cikina ba daɗi. Sau uku na zo da niyyar roƙon gafararka. Na ƙarshe, bara, na same ka a gindin tsamiya kana murɗa gashin doki na tarko, na ce, "Yaya, maganar fadama." Ka ce, "Isyaku, riƙe mini bakin nan, idona ya fara gajiya." Na riƙe, muka yi hirar tsadar albarushi har la'asar, na tashi na tafi, har da jin sauƙi a raina. Wannan jin sauƙin ya fi harbin ba ni kunya.

Yanzu daji ya ƙare, gyaɗa ta cinye shi, rabona da ganin gwanki shekara takwas. Ina riƙe da sarautar maharba ba abin harbi, gwiwoyina sun ƙi, kuma na gaji, wallahi na gaji. Jiya na je wurin dattawa na mayar musu da rawaninsu.

Allah ya jiƙanka, Yaya Dabo, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ɗingishin da ka yi ya zama kaffara. Allah ya rufa maka asiri a gobe ƙiyama yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba, ya sa Aljanna ce makomarka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Turai, wadda ta yi wata biyar tana wanke raunin nan tana yi wa mijinta faɗan sakaci, da Lukumanu da ƙannensa, da duk maharban ƙasar Karaye da Rogo. Allah ya ba ku haƙuri. Ba na roƙon ku yafe mini yau. Lukumanu, ubanka bai taɓa sakaci da bindiga ba ko sau ɗaya. Ina gidana a Yammedi, ba inda zan je, duk ranar da ka shirya ka zo ka faɗa mini abin da ke ranka.