Mamuda Masinja da Takardar Taiba

Duk wanda ya taɓa shiga waccan kotun ta Talata Mafara, ko neman inuwa ne ya kai shi, ya san Malam Mamuda masinja. Dogo ne siriri, mai faɗan tsiya, ba ya iya gaya maka ƙarfe nawa ba tare da ya haɗa maka da nasiha ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kai sammaci, da fari a kan keke, daga baya a kan babur, har ya yi ritaya. Ritayar kuwa a takarda ta tsaya. Kullum da hantsi sai ka gan shi a kan benci, a ƙofar ɗakin da ake tara tsofaffin rajistoci, wai ya zo gaisuwa. Yau shekara shida ke nan gaisuwar ba ta ƙare ba.

Ɗan dukawa ne. A gaban mahaifinsa ya koyi riƙon basilla da yankan fata, bokonsa kuwa bai wuce aji huɗu ba. Da ya kama aiki sai ya tarar da littattafan shari'a zube a ƙasa, gara na shagalinta, ɗigon rufi yana ƙarasa abin da ta rage. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Ya kawo jar fata daga gida ya ɗinke bayan kowane littafi, ya jera su a kan katako bisa bulo, yana zuba toka a ƙasa da ganyen dogon yaro a tsakani. Abokan aiki suka laƙaba masa Sarkin Gara. Da fari yana zagin mai kiransa haka, yanzu kuwa in ba ka kira shi da shi ba sai ya ga kamar ka rage masa girma.

Abin da ya fi ba su dariya shi ne yadda ya jera littattafan. Bai bi shekara ba, alƙalai ya bi. Kowane alƙali da nasa ɗaurin, tun daga ranar da ya zauna har ranar da aka canza masa wurin aiki. In aka tambaye shi dalili sai ya ce talaka ba ya riƙe shekara, amma ko zai mutu ba ya manta fuskar wanda ya yi masa shari'a.

Wata Talata, ranar kasuwa, wata mata ta fito daga ofishin rajistara ta zauna a gindin bango kusa da bencinsa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Mamuda ba ya son kuka. Ya ce da ita, “Baiwar Allah, hawaye ba su buɗe rajista. Mi ya faru?”

Sunanta Taiba, mutuniyar Dakko. Mijinta na fari, Hamidu, ya tafi ci-rani ya share shekara huɗu ba aike ba saƙo, har kotu ta raba auren. Ta yi idda, ta auri Mas'ud na Tsibiri, ta haifa masa ɗiya guda, Hafiza. Mas'ud ya rasu bara. Yanzu Hafiza ta samu miji, an kai gaisuwa, an kusa sa rana, sai ga ƙanen marigayin, Sufyanu, wanda suka yi tsamar gona da Taiba, ya buɗe baki a majalisa ya ce shi dai ya haɗu da Hamidu a wata kasuwa, kuma Hamidu ya rantse bai taɓa sakin matarsa ba. Bai ƙara komai a kai ba, don ya san ba sai ya ƙara ba. In aure na fari bai mutu ba, na biyu bai ɗauru ba, Hafiza kuma ba ta da uba. Dangin yaron suka ja baya, suka ce a nuna musu takarda. Hafiza ta daina fita ko ɗibar ruwa.

Takardar raba auren kuwa Taiba ta miƙa ta ga limamin da ya ɗaura aurenta na biyu, ya sa a cikin littattafansa. Liman ya rasu, magada sun raba littattafan, wani ya tafi gabas wani yamma. Ta je kotu a Bakura, aka tambaye ta lambar ƙara da shekara. Ta je Maradun, aka yi mata tambaya iri ɗaya. Sai daga baya ta tuna cewa a lokacin tana zaune gidan gwaggonta a Mafara ne, ta taho nan. Yaran ofis sun yi ƙoƙarinsu, sun duba sunanta a jerin shekaru ukun da ta kintata, ba su ga komai ba.

Mamuda ya gyara zama. Bai tambaye ta shekara ba. Ya tambaye ta me ke gona a lokacin, ta ce gero ya fitar da kai, ba a fara yanka ba. Ya tambaye ta alƙalin fari ne ko baƙi, tsoho ko matashi. Ta ce wallahi kunya ba ta bar ta ta ɗaga ido ba, ƙafarsa kawai ta gani, a naɗe da farin ƙyalle, a miƙe bisa wata 'yar kujera ta mata.

Mamuda ya yi dariya har da buga cinya. Kujerar nan ta matarsa Saude ce, shi ya ɗauko ta daga gida a ka, kuma an sha rigima kafin ta dawo. Alƙalin ya faɗi ne a kan babur a farkon damina, ya yi wata biyu yana shari'a da ƙafa a miƙe. Ba a taɓa yin wani mai irin wannan ba. Mamuda ya shiga wurin rajistara ya nemi izini, aka ba shi makulli, ya cika baki a gaban kowa cewa kafin azahar zai fito da shafin.

Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ya bi watannin nan biyu shafi-shafi yana lasar yatsa yana duba sunayen masu ƙara, ba Taiba ba alamarta. Dole ya sallame ta, ya ce ta dawo ranar Alhamis, don hanyar Dakko ba a bin ta da yamma a wannan zamani. Ya koma gida rai a ɓace, ya ture tuwo. Saude ta tambaye shi ko yau gara ce ta ci sarkinta, ya yi kamar bai ji ba. Gaskiya abin ya taɓa shi. Ba kunyar yaran ofis ce ta dame shi ba, ko da yake ita ma tana nan. Tunanin yarinyar da bai taɓa gani ba ne, tana ƙunshe a ɗaki saboda maganar da ba ta san hawa ba balle sauka.

Ranar Alhamis Taiba ta dawo kamar yadda ya ce. Tun kafin su gama gaisawa ya katse ta, abin da ba halinsa ba ne.

“Ɗiyata, ranar farko, ke kika zo da ƙafarki kika shigar da ƙara?”

Ta zaro ido, ta ce ina ita ina shiga kotu ta kai ƙarar miji, iyayenta na raye? Kawunta Fa'izu ne ya zo ya yi komai, ita sai ranar ƙarshe aka kira ta ta yi rantsuwa.

Mamuda ya dafe kai. Shi da ya shekara talatin yana ganin wannan, shi ne zai manta! A wancan lokacin mace ta ƙauye ba ta cika buɗe ƙara da bakinta ba, wani namiji a danginta ke tsaya mata, kuma sunan wanda ya tsaya shi magatakarda ke ɗorawa a kan shafi. Ya koma ɗakin, bai yi minti goma ba ya fito rungume da littafin. Ga shi nan da shuɗin biro: Fa'izu Dakko, a madadin ɗiyar ƙanwarsa Taiba, yana ƙarar Hamidu. Ga sanarwar da aka yi ta nemansa, ga shaidu biyu, ga hukuncin raba aure, ga kwanan wata. A ƙasa kuma ga dangwalen babban yatsa. Taiba ba ta karatun boko, amma ta daɗe tana kallon dangwalen nan, sannan ta juya yatsanta ta dube shi.

Ta so ta ruga Tsibiri a ranar, ya hana ta. Ya ce ganin ido ba hujja ba ne. Ya kai ta wurin mai rubuta wasiƙa a bakin kotu aka rubuta takardar neman kwafi, ta biya abin da doka ta ce aka ba ta rasit. Da aka zo ɗaukar hoton shafin a shagon da ke tsallaken titi, Mamuda ya ƙi sakin littafin ga kowa. Shi ya ɗauke shi a ƙirji, magatakarda na biye, shi ya danna shi a kan na'ura yana yi wa mai shagon faɗa kada ya karya masa ɗinki. Rajistara ya gwada kwafin da asali layi-layi, ya buga hatimi ya sa hannu, alƙali mai ci ya sa nasa. Mamuda ya sa aka yi guda biyu, ya ce ɗaya ta nuna wa duniya, ɗaya kuma ko liman ne ya nema ta ce ya yi haƙuri.

An karanta takardar a Tsibiri, a zauren mai gari, gaban dangin yaron. Aka lissafa daga ranar hukunci zuwa ƙarshen idda, zuwa ɗaurin aure, zuwa haihuwar Hafiza, komai ya zauna daram. Hamidu bai yi ƙarya ba, bai saki ba, kotu ce ta raba. Sufyanu ya ce shi ma abin da ya ji ne ya faɗa.

Mamuda ba ya zuwa ɗaurin auren mutanen da ya yi wa aiki, yana cewa masinja ba maroƙi ba ne. Wannan kam ya je. Ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya hau motar Maradun da sassafe, ya ƙarasa Tsibiri a bayan babur, ya samu gefen tabarma ya zauna ba wanda ya san shi. Abin da ya kai shi guda ne. Mas'ud ya rasu, ba shi da uba a raye, ba shi da ɗa namiji, saboda haka ba mai ba da auren Hafiza sai Sufyanu.

Liman ya tambayi waliyyin amarya. Sufyanu ya matso yana kallon tabarma, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Liman, wanda ya san duk abin da ya gudana, ya ce jama'ar baya ba su ji ba, a ɗaga murya.

“Na ba da auren Hafiza,” in ji Sufyanu, “ɗiyar wana Mas'ud.”

Daga cikin gida guɗa ta tashi tun ba a shafa fatiha ba. Aka miƙo wa Mamuda goro, ya karɓa da hannu biyu, shi da haƙoransa suka daina tauna goro tun tuni.