Kakar da Waya Ta Ba 'Yata

Matso nan kusa, ɗan'uwa, ja tabarmar ka zauna. Kar ka damu da hayaƙin, kifi nake bandawa. Sana'ata ke nan a nan Kado, cikin Abuja: Baban Nafisa ya kawo tarwaɗa daga kasuwa, ni in gyara in banda a tsakar gida. Ba na zuwa ko'ina, duniya ce take zuwa ta same ni a bakin murhu. Akwai maganar da ta kwana uku tana cin raina, kuma ba za ka gane ta ba sai na fara kai ka Paikon Kore, gidan kakata.

Kaka Lami ita ta haifi mahaifiyata. Gbagyi ce, gajeriya, baƙa, kafaɗarta ta dama ta yi kanta saboda ɗaukar kaya. Ba ta da sanyin hali, kar in yi mata ƙarya tana kabari. Tana shan lofe, tana zagi, kuma in ta miƙo maka abu sai ta haɗa da baƙar magana. Hausarta kuwa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Ni Talatu, har ta koma ga Allah "kai" take ce min.

Idan an ci tuwo, sai ta hura wuta a gindin rumbu, ta cusa 'yan ƙananan doya cikin toka, irin waɗanda ba su isa kaiwa kasuwa ba. Mu jikoki mu kewaye ta, gabanmu zafi bayanmu sanyi. Bayan katanga gonar dawa ce, in iska ta kaɗa sai ka ji kamar mutane ne suke raɗa a ciki. Sai ta zuƙi lofe ta ce, "Ga shi nan, ga shi nanku."

"Kaka, ga ta nan ake cewa."

"Naka ne ko nawa? Rufe bakinka."

Mu yi dariya mu ce, to, ya zo mu ji shi.

Ta ba mu labarai da yawa, amma guda ɗaya ne ya maƙale min kamar ƙayar kifi. Wai a wani gari na bakin kogi, wata safiya aka wayi gari da baƙo zaune a gindin ɗorawa. Kayansa tsaf, ƙafarsa tsaf, kamar bai taka ƙasa ya zo ba. Duk abin da ka tambaye shi yana da amsa. Akuyarka ta ɓata, zai gaya maka kwarin da ta shiga. Yaushe za a binne irin doya, zai faɗa, kuma ta yi kyau. Ba ya gajiya, ba ya tsawa, ko sau goma ka maimaita tambaya. Kuma ba ya karɓar komai, ko goro, ko ruwan sha. In an miƙa masa sai ya ce kyauta yake yi.

A nan Kaka takan tsaya ta nuna mu da bakin lofe. "Kun ji ko? Kyauta. Ko kare in ya yi maka gadi sai ka jefa masa ƙashi."

Sannu a hankali mutanen garin suka daina zuwa wurin tsofaffinsu. Wa zai je wurin tsoho ya yi ta tari yana cewa bari in tuna, ga mai amsa nan take? Sai wata tsohuwa guda, wadda Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba. Ita ba ta tambaya, zama take daga gefe tana saurare. Ta saurara damina guda, sai ta lura da abu ɗaya: ba ta taɓa jin bakin baƙon nan ya ce "ban sani ba".

Rannan ta dogara sandarta ta je gabansa. Ta ce, "Baƙo, ɗana Tanko da ya tafi fatauci shekara bakwai, yana raye kuwa?"

Ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Yana raye, Inna. Mai wushirya irin taki, mai jan ƙafar hagu tun faɗowar da ya yi daga kan kanya yana yaro. Ran da aka gama zuba dawa a rumbu zai dawo."

Tsohuwa ta bi gida gida tana cewa, jama'a, abin nan ba mutum ba ne, na tambaye shi ɗan da ban haifa ba ya siffanta min shi. Aka ce tsufa ne ya taɓa ta. Maƙwabciyarta ma cewa ta yi, "Haba Inna, Tanko fa? Kamar ina tuna shi, ba shi ne mai ɗingishin nan ba?"

Aka yanke dawa, aka zuba a rumbu. Da yammacin ranar tsohuwa tana ɗaki ita kaɗai, sai ta ji tafiya a tsakar gida. Ƙafa ɗaya tana taku, ɗaya tana jan ƙasa. Kaka takan yi mana sautin da tafin hannunta a ƙasa, tim, shaaa, tim, shaaa, har mu cure wuri guda. Aka taɓa ƙyauren ɗaki.

"Inna, ni ne Tanko. Buɗe min, na gaji."

Sai Kaka ta hau juya doya a cikin toka kamar ta manta da mu.

Ni ce mai ƙarfin halin tambaya. "Kaka, ta buɗe?"

"Shekara sittin ba ɗan da ya taɓa ce masa Inna. Da kai ne fa? Ya buɗe mana."

"Sai ya cinye ta?"

"Wa ya ce maka? Da safe aka gan su su biyu suna cin ɗumame. Gari duka ya zo barka da dawowa. Ya ƙare, ku ɗauki doyarku."

"To mene ne ya shigo ɗakin?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Ban sani ba. Ni mutum ne."

Wallahi da cinye ta ya yi da na fi samun barci. Dodon da ya ci mutum an san ƙarshensa. Amma wannan yana nan zaune a garin, ana gaishe shi, wataƙila har aure aka yi masa. Na daɗe in baƙo ya zo gidanmu ƙafarsa nake fara kallo.

To, dawo Kado. 'Yata Nafisa shekararta goma sha uku, tana ƙaramar sakandare. Ni a aji huɗu na firamare na tsaya. Hausa ina karantawa ina rubutawa, amma in ta kawo aikin gida da Turanci sai dai in yi mata addu'a. Da can har kuka take yi a kan lissafi. Sai wata ƙawarta ta nuna mata abin nan da suke ce wa AI, a wayar babanta, ba a biyan komai in dai akwai data. Ka rubuta masa tambaya ya ba ka amsa, ka ce ba ka gane ba ya sake bayani, ba gajiya ba tsawa. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ya taimake ta. Lissafin da yake sa ta kuka yanzu ita take koya wa 'ya'yan maƙwabta. Na yi ta sa wa wanda ya ƙirƙiro shi albarka.

Makon jiya ta dawo daga makaranta da la'asar, ina tsakiyar juya kifi, tana ta tsalle.

"Mama, ni na zo ta ɗaya. Anti malamarmu ta ce kowa ya rubuta labarin wani tsoho na danginsu, nawa ya fi na kowa."

"Masha Allah. Wa kika rubuta?"

"Kakarki mana. Kaka Lami."

Hannuna ya tsaya a kan ragar banda kifi. Kaka ta rasu shekara biyu kafin a haifi Nafisa. Sunanta kawai ta sani, da sunan garin.

Na ce, "Karanta min in ji, ki juya min da Hausa."

Ta gyara tsayuwa ta fara. Wai Hajiya Lami doguwa ce fara, mai murmushi, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Wai tana saƙa tabarma tana rera waƙa, marayun gari duk a gidanta suke cin abinci. Wai ta kan tara jikoki a hasken farin wata ta koya musu haƙuri. Wai ran sunan Nafisa ita ta fara ɗaukarta, ta tofa mata addu'a a ka, ta ce wannan yarinyar za ta yi ilimi.

Ga rana tana dukana, ga wuta a gabana, amma sanyi na ji ya bi bayana.

"Nafisa, wa ya gaya miki wannan?"

"AI ne ya tsara min. Na ba shi sunanta da garin."

"Kakata ba ta je Makka ba. Ba fara ba ce. In ta buɗe baki kaji ma watsewa suke. Kuma ba ta gan ki ba, 'yar nan, tana ƙasa aka haife ki."

Ta ɗan turo baki. "To ai ya ce misali ne, in gyara da abin da na sani."

"Me ya hana ki gyarawa?"

"Me na sani, Mama? Kin taɓa gaya min?"

Shekara goma sha uku yarinyar nan tana zaune kusa da ni a bakin murhu, na koya mata cire ƙayar kifi, na koya mata gane wanda ya kwana, ban taɓa buɗe baki na ba ta labarin matar da ta raine ni ba. Kullum gani nake abin makaranta daban, namu na gida daban, wa zai so jin zancen tsohuwa mai lofe a Abuja?

Amma ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Saurara, don ban gaya wa ko babanta ba. Ran da Kaka ta rasu ba na nan. An aiko tana nemana, na ce sai an kwana biyu, kasuwa ta buɗe. Ban same ta ba. To da Nafisa ta zo wurin nan na ranar suna, inda tsohuwar ta ɗauke ta ta tofa mata addu'a, sai na ji bakina ya ce, "Sake karanta min wurin nan."

Ta sake. Na ce ta ƙara. Sau uku. Na san ƙarya ce kamar yadda na san sunana, amma ina zaune hawaye yana zuba, ina ganin Kaka da jaririyata a hannu. Har na fara ganin kamar ta ɗan fi yadda na san ta tsawo.

Tun ina yarinya na ɗauka labarin baƙon nan gargaɗi ne a kan maƙaryaci. Sai yanzu da furfura ta fara fito min na gane ba baƙon Kaka take nuna mana ba. Shi aikinsa amsawa, ka kawo masa rami ya cike maka da abin da ya samu. Tsohuwar take nuna mana, wadda ta fi kowa sanin gaskiya a garin, kuma ita ce ta tashi da ƙafarta ta zare sakata.

Shekaranjiya na ji Nafisa tana gaya wa 'yar maƙwabta, "Kakarmu Hajiya Lami ce ta ce zan yi ilimi." Ba karantawa take ba, ba waya a hannunta. Faɗa take kamar abin da ta tuna.

Jiya na zaunar da ita. Na ba ta Kaka ta gaskiya, da lofenta, da zaginta, da kantar kafaɗarta, da yadda ta taɓa tafiya tun daga gona har asibitin Gwagwalada a ƙasa da ni a bayanta ina zazzaɓi, tana zagina duk hanya don kar in yi barci in wuce. Nafisa ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce a hankali, "Mama, tana da kirki. Amma wannan ba za ta ci maki ba."

Yanzu ga inda nake. Ranar Asabar makarantarsu za ta yi taron iyaye, kuma an zaɓi Nafisa ta karanta labarin a gaban kowa. Antinsu ta aiko musamman, wai in zo, za a ce jikar Hajiya Lami ta miƙe a tafa mata. In na je na gaya wa Anti gaskiya, za a karɓe ta ɗayan, yara su sa 'yata a gaba da tsiya, kuma wannan ne karo na farko da aka taɓa kiran sunanta a gaban aji don abin kirki. Ban san ko za ta ƙara kawo min littafinta ba. In kuma na yi shiru na miƙe aka tafa, to na sa hannu, doguwar farar nan ta zama kakarmu. Ita Nafisa za ta ba 'ya'yanta, kuma ran da na mutu babu sauran wanda ya san akwai wata gajeriyar tsohuwa da take ce wa mace "kai".

Na goge atamfata, na kuma mayar da ita akwati, na sake fito da ita. Kai da ka zauna ka ji ni har ƙarshe, gaya min tsakaninka da Allah: ranar Asabar in aka ce jikar Hajiya Lami ta miƙe, in miƙe?