Ɗanliti da Jirgin Kano

Ɗanliti direba maƙwabcinmu ne a Ƙofar Sauri. Shekara ashirin ya yi yana jan fijo ta haya tsakanin Katsina da Kano, ya san kowane ramin titin kamar shi ya haƙa shi. Gajere ne, sai ya ɗora matashi a kujera yake hango gaba, amma bakuna goma sha ɗaya yake ciyarwa. Da soja suka miƙa mulki a 1999, wani ɗan kasuwa, Alhaji Sule, ya ci zaɓen majalisa, ya tare a GRA, ya ɗauke shi aiki.

Ba a rufa wata ba Alhaji ya ce shi fa ya wuce zaman mota. Tafiyar Kano da ke cin awa biyu da rabi, ƙaramin jirgin da suke shata da abokansa minti talatin yake yin ta. To amma jirgi ba ya kai mutum ƙofar gida. Saboda haka Ɗanliti zai sauke shi a filin jirgin Katsina, ya kama hanya da mota ba kowa, ya je ya ɗauke shi a na Kano.

Abin da Alhaji ba ya sakawa a lissafi shi ne jira. A jira abokai, a jira matuƙi, a yi gaishe-gaishe, wani ya tuna ya manta jaka a gida. Kullum Ɗanliti ke riga su isa. Haruna, direban wani daga cikin abokan, ya taɓa yin subul da baka a gaban jama'a cewa da mota aka bi da tuni an ci abinci. A ranar aka karɓe masa makulli.

Ɗanliti ya ɗauki darasi. In ya isa Kano sai ya laɓe a gindin wata darbejiya nesa da filin, ya sha barcinsa. In ya ji saukar jirgi ya ƙara minti goma sha biyar, ya yayyafa ruwa a goshi ya zama gumi, ya shigo yana ba da haƙuri. Alhaji ya dubi agogo, ya wanke shi tas a gaban abokai, kowa ya ji daɗi. Ni abin haushi yake ba ni, amma Ɗanliti ya ce mini shan faɗan nan shi ne rabin aikin.

Wata Laraba da damina ruwa ya hana shi zuwa gindin bishiyar, ya faka a cikin filin, barci ya kwashe shi. Ƙwanƙwasa gilashi ce ta tashe shi. Ga Alhaji tsaye, ga abokai uku a bayansa. Ɗanliti ya fito yana rantsuwa cewa isowarsa ke nan.

Alhaji ya matso gaban motar. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya ji shi sanyi ƙalau kamar randa. Ɗanliti ya ce a nan ya fara tunanin abin da zai gaya wa iyali. Alhaji ya dube shi, ya waiwayi abokansa, sai ya fizge hannu yana yarfewa.

"Kai Ɗanliti, ƙone mani inji za ka yi? Mutum ya ce sai ya yi tsere da jirgi! Buɗe mani ƙofa."