Yadda Muka Cika Na'urar Bonkuku

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoma ta sa ordinata, wato kwamfuta, a kowane biro, wato ofishin reshe, ni ne mai shigar da sunayen manoma da hotunan gonakinsu a reshen Bonkuku. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya aikina, kuma gidana yana kusa da biron. Sai aka kira mu Filinge, inda babban bironmu yake, mu da na sauran rassa, wai za a koyar da mu sabon tsari.

Wata madam ce ta zo daga Yamai. Ta ce kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta ɗauka, rezo ma, wato layin sadarwa, haka. Ta nuna mana inda ake duba sauran wuri. Ta ce kowane biro ya riƙa dubawa yana sanar da Filinge, kuma kafin kaka ya faɗi abin da zai buƙata, don a ƙara masa tun bai toshe ba.

Mu a ƙasarmu ta Kurfai, in baƙo ya tambayi yawan abin da kake da shi, sai ka duba abin da ke tafe bayansa. Iyayenmu sun ga an ƙirga shanu, haraji ya biyo.

Da aka fita shan shayi, mai tsaron magazarmu ta ajiyar kaya, dattijon da muke ce wa Baba, wanda muka zo tare, ya ja ni gefe.

"Malam, ka gane mi taka nuhi?"

"Wai a san wurin da ya rage, Baba."

"Wurin da ya rage! Biron da bai cin wuri bai aiki ke nan. Su ruhe shi, su ce mu munka ba da shaida da bakinmu."

Da muka koma na ɗaga hannu. "Madam, in biro bai cika na'urarsa ba fa?"

Ta yi dariya, ta kira ni mushe, wato malam da Faransanci. "Sai mu gode Allah, mushe. Ko so kake ta fashe?"

Kowa ya yi dariya. Ni kuwa na lura ba ta ce ba za a rufe ba.

Baba ya faɗi tsoronsa ne kawai, dabarar tawa ce. Na koma Bonkuku na riƙa kwafar hotunan gonaki ina jibge su a na'ura, hoto ɗaya sau da yawa, ina sauya masu suna. Har majigin bikin 'yar ƙanena na zuba. Layin da ke nuna cika ya yi ja, ni kuma ina aika labari Filinge cikin jin daɗi.

Madam ta kira ni a waya. "Mushe, me kuke zubawa haka? Gero kuke ɗurawa ciki?"

"Aiki ne ya yi mana yawa, madam."

Sai ta ce, "To, sannunku da ƙoƙari." Na yini ina juya wannan sannu a raina.

Kaka ta zo. Manoma suka cika ƙofar biro, na'ura ta ƙi karɓar ko suna ɗaya. Na fara gogewa a gaggauce, amma na riga na rikita na gaske da na kwafi, sai na tsaya don kada in goge gonar wani. Mutane suka yini a rana suka watse.

Ba a daɗe ba shugabanmu ya zo da kansa. Ya ce bisa ga abin da muke aikowa, aikin Bonkuku ya fi ƙarfin ƙaramar na'ura, babba kuma lantarkinmu na hasken rana ba zai iya riƙe ta ba. Za a mayar da shigar da sunaye Filinge. Magaza na nan, Baba na nan. Ni ne zan zaɓa, in bi aikin ko in bar shi.

Na bi shi, iyalina suna Bonkuku. Ranar da na haɗu da madam a sabon biro, na tambaye ta ko dama an shirya ɗauke mu tun kafin ta zo.

"Abin da kuka aiko muka bi, mushe," in ji ta.

Na duba fuskarta da kyau, ban gano ko ta san abin da na yi ba. Ta nuna mini kujerar da zan zauna, ta bakin ƙofa.