Zaman Tahiya a Ɗakin Likita

Shekara biyu mahaifiyata, wadda muke kira Ya, tana sallah a kan farar kujerar roba a gidanmu na unguwar Fezzan. Idon sawunta na dama ne ya hana ta ƙasa. Tun tana budurwa ta karye a wurin, aka yi ɗori ya kama a karkace, ta yi ta takawa a haka har guringuntsin gefe ɗaya ya cinye, ƙashi ya koma gogar ƙashi. Malamai sun gaya mata sallar kujera ta halatta, ita ma ta sani. Amma na sha ganinta bayan sallama tana kallon darduma kamar mai kallon gidan da ta tashi daga ciki.

Likitan ƙashin da muka samu Kirista ne, mutumin kudancin Borno, dogo mai sanyin magana. Ya ɗaga hoton ƙashin ya ce aiki iri biyu ne. Ko a haɗe gaɓar da ƙarfe ta sandare, ciwo ya tafi amma ƙafa ba za ta ƙara lanƙwasuwa a nan ba. Ko a yanka ƙashin ƙwauri a miƙe shi, nauyi ya koma gefen da ke da sauran lafiya, a ɗan huhhuda inda ya cinye don wani abu mai kama da guringuntsi ya tsiro. Na biyun ya fi jinya, kuma bai ɗauki alkawari ba. Ina juya mata da Kanuri, sai ya tambaye ta me take so ƙafar ta yi mata.

Da Hausarta mai nauyi ta amsa da kanta: "Zaman tahiya, ɗana."

Na zaci zai gyaɗa kai ya wuce. Sai ya ajiye biro ya ce ya sha ganin maƙwabtansa suna sallah, amma bai taɓa lura da ƙafafunsu ba, ko zan daure in nuna masa. Na shimfiɗa mayafi a kan simintin ofis, kunya kamar ta kashe ni, na zauna na kafe ƙafar dama, cikin babban yatsa a ƙasa. Ya tsuguna daga nesa kaɗan, ya kalla, ya zana a takarda, ya tambayi sau nawa a rana, tsawon wane lokaci. Sannan ya ce aiki na biyu za a yi.

Jinyar ta yi tsawo. Makonni ƙafa na cikin filasta, sannan sanda, sannan motsa gaɓa kullum da safe, tana cije leɓe tana salati. Akwai ranar da ta ce da sandarewar aka yi da tuni ta huta. Na ci gaba da matsa mata ƙafar.

Wata La'asar, bayan azumi ya wuce, ta ture kujerar da kanta. Ta sauka a hankali, goshinta ya taɓa ƙasa, ta daɗe a nan har na fara tsorata. Tashi kam sai da na kama ta.

Da muka koma asibiti ba ta jira likitan ya tambaya ba, ta karɓi mayafina ta shimfiɗa ta zauna. Ya tsuguna a inda ya tsuguna wancan karon, ya ciro tsohon zanensa ya gwada.

"Mama, babban yatsan bai kwanta ba tukuna. Na 'yarki ya fi haka."

Ita kuwa Ya, sai ta dube ni ta ce da Kanuri wai yanzu kuma ta samu mai gyara mata sallah. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗan ƙara danna yatsan, ya sauka. Har ta miƙa mini hannu in ɗaga ta, sai ta fasa, ta buɗe tafukanta a zaune a wurin ta yi masa addu'a, shi da iyayensa. Ya sunkuyar da kai har ta shafa.